Giginya Ce Ta Yanke Faɗin Ɗaki

Duk wanda ya shiga tsofaffin unguwannin Jabo, ko Tambuwal, ko Kebbe, ya leƙa ɗakunan soron da suka rage a tsaye, zai lura da abu guda: ɗakin yana iya yin tsawo, amma bai cika faɗi ba. Wani ɗakin ma in dogon mutum ya miƙa hannuwansa, kaɗan ne zai rage ya taɓa bango biyu. Matasa da yawa suna ɗauka talauci ne ya jawo haka, ko ƙarancin fili. Fili kuwa bai yi wuya ba a wancan zamani, ƙasar gini kuma tana nan a bayan gari, sai dai wahalar haƙa da ɗauka. Wanda ya yanke faɗin ɗakin yana sama da kan mai kallo, wato azarar nan baƙa da aka jera, wadda take ɗauke da rufin ƙasa tun kafin a haifi mai gidan na yanzu.

Tarihin ginin Hausa, in an bi shi ta wannan ƙofa, tarihi ne na tambaya ɗaya: yaya za a rataye ƙasa mai nauyi a sama da kawunan mutane, ta zauna shekara da shekaru ba ta faɗo ba? Amsar da maginanmu suka samu ita ce dai amsar da ginin kankare ya dogara a kanta yau. Mun sauya kayan aiki, tambayar tana nan, kuma duk ginin da ya rufta da mutane a biranenmu an kasa amsa ta ne.

Nauyin da ke sama

Bari mu fara da awo. In aka samu akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, aka cika shi da ruwa, ruwan zai yi kilo 1,000. In busasshiyar ƙasar gini ce, za ta kai wajen kilo 1,800. Kankare yana kai kilo 2,400, ƙarfe kuwa kilo 7,850. Akwatin ɗaya ne, abin da ya bambanta shi ne yawan abin da aka cusa a cikinsa. Wannan ne masana kimiyya suke nufi in suna maganar nauyin abu gwargwadon girmansa, kuma shi ne lissafin farko a kowane gini.

A ce ɗaki yana da faɗin mita 2 da tsawon mita 5, an kuma ɗora masa ƙasa mai kaurin santimita 15. Nauyin rufin nan zai kai kilo 2,700, daidai da buhun siminti 54, kuma a ƙarƙashinsa ake shimfiɗa tabarma a kwanta da yara. In marka ta zauna a watan Agusta, ƙasar ta sha ruwa, nauyin ya ƙaru a daidai lokacin da ƙarfinta yake raguwa.

Nauyin nan ba asara ba ne. Shi ne yake sa soro ya yi sanyi a bazara, domin zafin rana yana ɗaukar sa'o'i kafin ya ratsa bango mai kauri, kafin ya iso ciki rana ta faɗi. Shi ne kuma yake hana iskar farkon damina ta yaye rufi, ba kamar kwano ba, wanda sai an danne shi da duwatsu. Amma nauyi yana neman mai ɗauka.

Halin baka, halin yumɓu, halin kasko

Kowane abu yana sauya siffa in aka yi masa ƙarfi, ko da ido bai gani ba. Bambancin yana wajen abin da ke biyo baya. Maharbi ya ja bakansa ta lanƙwashe, ya saki ta koma yadda take: wannan halin baka ne. Mai ginin tukwane ta danna yumɓu da yatsa, gurbin yatsan ya zauna har abada: wannan halin yumɓu ne. Kasko kuwa ba ya lanƙwasa, ba ya ba da sanarwa, yana nan daram har lokacin da zai tarwatse. Abu ɗaya yana iya nuna halayen duka. Ƙasar gini yumɓu ce in tana da danshi, kasko ce in ta bushe. Sandar ƙarfe baka ce in an tanƙwara ta kaɗan, in an wuce iyaka ta koma yumɓu ta zauna a karkace.

Ƙarfin da ke aiki a kan gini kuma iri biyu ne, danni da ja. Busasshiyar ƙasa gwana ce wajen jure danni. A ɗora tubali a kan tubali har bango ya yi tsawon mutum uku, na ƙasa ba zai murƙushe ba. Amma in aka ja ta, nan take take tsagewa. Itace kuwa yana jure ja, saboda zaruruwan da suka bi tsawonsa.

Matsalar rufi ita ce yana haɗa su biyun. In aka gitta sanda tsakanin bango biyu aka ɗora mata kaya, za ta yi ciki. Bayanta na sama yana matsewa, cikinta na ƙasa yana miƙewa, wato danni a sama, ja a ƙasa. Ƙasa kaɗai ba za ta iya wannan aiki ba ko na taki ɗaya. Dole a samo mata abokin aiki da zai riƙe ja.

Hausawa sun same shi a jikin giginya. Gangar giginya tana da laushi a tsakiya, amma gefenta cike yake da baƙaƙen zaruruwa masu tauri. In aka faskara ta a tsaye sai a fitar da azara, wadda gara ba ta cika cin ta ba, kuma magina sun fi son ta namijin giginya. Sai dai ita ma tana da iyakarta. Magina sun gano, ta hanyar rufin da ya tsaya da wanda ya faɗi, cewa azara ɗauke da ƙasa ba ta son ta tsallake abin da ya wuce wajen mita 2 ba tare da tallafi ba. Lissafin zamani ya bayyana dalili. In aka ninka tazarar da sanda take tsallakewa, daga mita 2 zuwa 4, da irin kayan da ke kanta, wahalar da tsakiyarta take sha tana ninkuwa sau 4, cikin da take yi kuwa yana ninkuwa sau 16. Ƙarin taki biyu a faɗin ɗaki ba ƙaramin buri ba ne.

Lokacin da aka bukaci manyan ɗakuna

Talaka yana iya zama a ɗaki mai mita 2, ko a ɗakin ciyawa, wanda shi ne ma ya fi yawa a karkara. Jam'in sallar Juma'a da zaman fada ba za su yiwu a haka ba. Bayan jihadin da aka fara a 1804, Muhammadu Bello ya gina Sakkwato a 1809, kuma a zamanin sarautarsa aka ƙarfafa zama a garuruwan ribaɗi masu ganuwa. Tambuwal, inda ɗan'uwansa Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna, tana cikin garuruwan da suka tsare wannan sashe ta fuskar Kabi. Kowane irin garin nan yana bukatar ganuwa, da masallaci, da zauren da zai ɗauki jama'a. Kasuwar magina ta buɗe.

Dabarun faɗaɗa ɗaki sun zo hawa-hawa. Akwai fito da gajerun azara daga saman bango, jeri a kan jeri, kowane ya ɗan zarce na ƙasansa, don a rage tazarar da ta tsakiya za ta tsallake. Akwai gitta azara a kusurwoyin ɗaki. Akwai kafa ginshiƙi a tsakiya a raba nauyin. Ƙololuwarsu ita ce bakan gizo. Magini yana dasa daurin azara a cikin bango ya karkato da shi ciki, ya ɗaure da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya bari ta bushe. Sai ya ɗaura wani a kansa, ya ƙara karkatowa. Haka daga ɓangarorin biyu, har su haɗu a sama. Kafin haɗuwar, kowane ɓangare yana rataye ne kamar hannun da aka miƙa, azara ce take riƙe da shi. Bayan haɗuwar, nauyi yana gangarowa ta jikin bakan yana tura bango waje, shi ya sa bangon irin waɗannan ɗakuna yake da kauri sosai a gindi. Da wannan dabara aka rufe ɗakunan da faɗinsu ya kai wajen mita 8, ba ƙusa, ba ƙarfe.

Wannan sana'a tana da gwanayenta, kuma ana nemansu daga gari zuwa gari. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, da ya zo Sakkwato a 1824, ya ga masallacin da Waziri Giɗaɗo yake ginawa, ya kuma rubuta cewa shugaban maginan mutumin Zazzau ne wanda mahaifinsa ya taɓa zama a Masar. Shekaru kaɗan bayan haka, a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya, aikin da masana gine-gine suke ɗauka shi ne ƙoli a ginin ƙasa na Hausa. Wanda ya tsaya a ƙarƙashin bakunansa yana kallon ƙasa da giginya ne kawai, kowace an ajiye ta a inda halinta yake da amfani.

Abin da ake yi a Turai a lokacin

Turawa sun bi tambayar ta hanyar alƙalami. A 1638 Galileo na Italiya ya zana sandar da aka dasa a bango aka rataya mata nauyi, ya nemi sanin inda za ta karye. Wannan shi ne ainihin hoton ƙafar bakan gizo kafin ta haɗu da 'yar'uwarta. A 1678 Robert Hooke na Ingila ya bayyana cewa miƙewar abu tana tafiya daidai da ƙarfin da aka ja shi da shi, muddin ba a wuce iyakarsa ba, wato ya sa wa halin baka lissafi. A 1807 Thomas Young ya yi bayanin ma'aunin taurin kowane abu, ma'aunin da yau ake kira da sunansa, wanda yake nuna cewa ƙarfe ya fi itace wuyar miƙewa wajen sau 20.

A shekarar da Clapperton yake kallon masallacin Giɗaɗo, 1824, wani birkila a garin Lidis na Ingila, Joseph Aspdin, ya yi rajistar simintin da ya zama kakan wanda muke saye yau. Kankare ya fi ƙasa ƙarfi nesa ba kusa ba, amma halinsu ɗaya ne. Yana jure danni, ja kuwa abin da yake jurewa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na dannin ba. Sai a 1867 wani mai lambu a Faransa, Joseph Monier, ya yi rajistar tukwanen shuka na siminti da ya saƙa wa ƙarfe a ciki don kada su fashe. Daga nan ginin rodi da kankare ya bazu a duniya. Rodi azara ce ta ƙarfe, kankare kuma ƙasa ce da ruwa ba ya narkarwa. Rabon aikin shi ne wanda Babban Gwani ya sani tun kafin Monier.

Bambancin da ke tsakani yana da muhimmanci, kuma bai kamata son kai ya rufe mana ido ba. Ilimin maginanmu yana hannu da ido, ɗa yana gadonsa daga uba a ƙarƙashin Sarkin Magina, kuma yana aiki ne a kan kayan da aka saba da su. Lissafin Hooke da Young kuwa yana ba mutum damar ya san abin da ginin da ba a taɓa yin irinsa ba zai yi, tun yana kan takarda.

Daga giginya zuwa Kalambaina

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, a filin da shi ma Giginya ake kiransa, sun daɗe suna dogara da maginan gargajiya. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ginin ƙasa ce. Amma jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, yana ɗauke da kwano da siminti. A 1962 aka kafa kamfanin siminti na Arewa, ya fara aiki a Kalambaina kusa da Sakkwato a 1967, kuma yau yana hannun BUA. Sannu a hankali bulo da kwano suka zama shaidar cewa mutum ya samu, soro ya zama alamar wanda aka bari a baya. Ko masallacin Zariya, a shekarun 1970 an kewaye abin da ya rage na tsohon ginin da sabon gini na kankare. Mai son ganin kamanninsa na asali sai ya tafi Jos, gidan tarihin gine-ginen gargajiya, inda aka gina kwafinsa bisa awon da masanin nan ɗan Folan, Zbigniew Dmochowski, ya yi.

Mutane ba su bar ƙasa don wauta ba. Ruwa abokin gabarta ne. Kowace shekara sai an yi yaɓe kafin damina, a gyara indararo, a shafe rufi da makuba ta ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. In aka yi sakaci shekara biyu, ruwa ya samu hanya, ƙasa ta koma halin yumɓu. Ambaliyar 2010 a jihar Sakkwato ta nuna yadda gidajen ƙasa suke narkewa in ruwa ya zauna a gindinsu. Giginya kuma sai ta shekara da yawa kafin ta isa sara, an kuwa sare ta fiye da yadda aka shuka, har ta kai a yankin Gaya na Nijar, inda kurmin giginya ya shahara, an sa dokoki a kan saranta.

Abin da ya salwanta a hanya

Abin takaicin shi ne mun karɓi siminti, amma a mafi yawan gine-ginenmu ba mu karɓi lissafinsa ba, tarbiyyar tsofaffin magina kuma mun sake ta. Dubi abubuwa kaɗan da suke faruwa a wuraren gini kullum.

Injiniya ya rubuta rodi mai milimita 12, mai gida ya sayo mai 10 saboda tsada, yana ganin milimita 2 ba komai ba ne. Amma ƙarfin rodi yana bin faɗin bakinsa ne in an yanka shi, kuma mai 10 bai wuce kashi 70 cikin 100 na mai 12 ba. In mai 16 aka musanya da mai 12, kusan rabin ƙarfin ya tafi. Tsohon magini ba zai sa sirirrar azara a inda ake bukatar kakkaura ba, domin a tafin hannunsa yake jin bambancin.

Baranda da take fitowa daga bene ba ginshiƙi a ƙarƙashinta, ita ce sandar Galileo, ita ce ƙafar bakan gizo. A irinta ja yana sama ne, saɓanin dekin da ke kan bango biyu. Dole rodinta ya zauna kusa da sama. In leburori suka tattaka shi ya nutse ƙasa lokacin zuba kankare, rodin yana nan a ciki, an biya kuɗinsa, amma ba ya riƙe da komai.

Sai batun haƙuri. Mai bakan gizo ba ya ɗora sabon dauri sai na ƙasa ya bushe, ko sarki ne yake gaggawa. Kankare ma yana bukatar a riƙa ba shi ruwa, kuma sai ya kwana 28 ake lissafin ya kai ƙarfin da aka tsara masa. A zafin Sakkwato, dekin da ba a jiƙa ba yana bushewa kafin ya nuna. A cire masa katako da wuri, a ɗora masa bulon hawa na gaba, an shuka tsagewar da ba za a gani ba sai bayan shekaru. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. In ya isa ga rodi ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki.

Mafi girman abin da aka rasa shi ne iya karanta gargaɗi. Azara ba ta cika yin ba-zata ba. Tana yin ciki a hankali, tana ƙara, ƙasa tana zubowa, mutanen gida su fitar da kaya su kira magini. Ginin kankaren da aka tsara daidai shi ma haka aka so ya yi: rodi ya miƙe, tsaga ta bayyana, mutane su samu lokacin fita. Wanda aka yi da kankaren da yashi ya fi ƙarfinsa, ko da rodi mai gautsi, halin kasko gare shi. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe fiye da mutum 40 cikin ƙiftawar ido. Benaye suna ta tashi yanzu a Sakkwato da Birnin Kebbi, har da garuruwa irin su Tambuwal, kuma nauyi bai san bambancin birni da ƙauye ba.

Inuwar giginya

Ilimin ƙasa bai mutu ba. A garin Yama na jihar Tawa a Nijar, magini Falke Barmu ya fara masallacin Juma'a na ƙasa a 1962, aikin da ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji, ita ma a Nijar, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa da aka matse a inji, aka gama a 2018. A 2022 Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya yi suna da makarantar tubalin ƙasa da ya gina a ƙauyensu Gando, ya samu lambar Pritzker, mafi girma a fagen zanen gini. Abin da masu aikin Dandaji da Gando suka yi ɗaya ne: sun auna ƙasar, sun ɗaga ta daga ruwa da harsashi mai ƙarfi, sun kare ta daga sama, sun sa ƙarfe ko kankare a inda ja yake kawai.

Hausawa suna cewa inuwar giginya, na nesa ka sha. Ɗaliban zanen gini a Turai suna nazarin bakan gizo, mu kuwa muna rushe na kakanninmu mu sayar da azarar a matsayin itacen girki. Ba a ce kowa ya koma ɗaki mai mita 2 ba. Amma mai karatu da yake tara kuɗin gini a garinsu, ko yake sa hannu a kwangilar aji ko asibiti, yana iya ɗaukar tambayar tsohon magini ya tafi da ita wurin aiki. Kafin a zuba kankare ya hau ya duba, ya tambayi injiniya: a nan ina ja yake, mene ne kuma yake riƙe da shi? In an rasa mai amsawa, a dakatar da zubin.